Kututturen da Bai Mutu Ba: Nasiha ga Matasa Masu Bi

'Ya'yana, samari da 'yan mata masu bin Yesu Almasihu a Dogo-Dogo da ƙauyukan da ke tsakanin Dungas da Magarya: Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata tambaya ce da wani ɗan'uwanku ya yi mini a bazarar bara. Na tabbata tambayar nan tana kwana a zuciyar da yawa daga cikinku, kunya ce kawai ta hana ku furta ta.

Ya same ni da la'asar ina gyara ƙotar gatari a gindin dogon yaro. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Baba, yau shekara uku ke nan da aka yi mini baftisma. Na ɗauka ranar da na fito daga ruwan nan an gama da ni. Amma ga shi fushina yana nan daram, idona bai daina bin abin da bai kamata ba, jiya ma sai da na yi wa inna ƙarya a kan kuɗin riɗi. Mutane suna cewa hali zanen dutse ne. Anya ceton nan ya kama ni kuwa?" Da ya kai nan muryarsa ta shaƙe. Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce gobe da sassafe ya wasa wuƙa ya zo ya raka ni gona.

Kun taso kun tarar da gonakinmu cike da gawo, har kuna tsammanin haka suke tun fil azal. Ku tambayi waɗanda suka ga farin 1973 da yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin. A waɗancan shekaru, a wurare da yawa na ƙasar nan, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, bai bar ko ɗan tsiro ba. Iska takan taso ta binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu ko sau uku a damina ɗaya. Mata suna cin doguwar tafiya neman itacen girki, in an rasa a hura wuta da kara da kashin shanu. Aka yi ta kawo dashe daga wuraren renon itatuwa, ana kashe kuɗi, ana ban ruwa, mafi yawansu suna mutuwa kafin su ga damina ta biyu.

Akwai wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 yana wannan aikin dashe, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 yana jan kayan dashe a mota, ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Shi da kansa ya ba da labari cewa a wurin ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa ke wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ai itace ne, itacen da aka sare shekaru da suka wuce, kututturensa yana nan da rai, saiwarsa ta nutsa cikin ƙasa, kowace shekara yana tofowa, kowace shekara ana sassabe shi. Ashe dajin da ake nema bai tafi ko'ina ba, yana kwance a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Daga nan aikin da muke kira sassabin zamani ya bazu. A yankinmu na Magarya da Matamaye da Mirya manoma ne da kansu, galibinsu maƙwabtanmu Musulmi, suka raya gawo a gonakinsu har ƙasar ta canza kama. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya, kuma a 2018 aka karrama Rinaudo a Suwidin tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

To, da muka isa gona ni da yaron, na kai shi gaban wani kututturen kalgo. Ya tofo da tsirrai sun fi ashirin, duk sun cunkushe, kowane yana ƙwace wa ɗan'uwansa ruwa da rana, babu wanda ya kai gwiwar mutum. Na ce ya zaɓi huɗu mafi ƙarfi da miƙewa. Sauran na nuna masa yadda ake yanke su: da wuƙa mai kaifi, ana jan ta daga ƙasa zuwa sama, don in ka saro daga sama ɓawon yakan yage, rauni ya yi faɗi, gara ta samu ƙofa. Waɗanda muka bari muka rage musu rassan gefe har wajen rabin tsayinsu. Sannan na yago ƙyalle daga tsohon rawanina na ɗaura a jikin ɗaya, don mai neman itace in ya zo ya san wannan yana da mai shi.

Na tambaye shi, "Wa ya ba tsiron nan rai?" Ya ce saiwa. "Wa ya yi yankan?" Ya ce mai gona. "To shi tsiron me ya yi?" Ya yi shiru, can ya ce, "Yana manne da kututturen kawai." Na ce masa ya je gida ya buɗe Bisharar Yohanna sura 15, zai tarar Ubangijinmu ya riga mu yin wannan misali da kurangar inabi: ran yana fitowa daga gare shi, Uba ne mai riƙe da wuƙa, abin da ake nema ga reshe shi ne kada ya rabu da gindinsa.

Wannan shi ne abin da ikilisiya take kira tsarkakewa, kuma ina so ku riƙe shi da kyau, don rashin fahimtarsa ya karya zuciyar matasa da yawa.

Ranar da mutum ya tuba ya ba da gaskiya ga Almasihu, Allah yana yafe masa, ya karɓe shi ɗungum, ba don wani aikin kirki da ya kawo ba. Wannan ita ce baratarwa, sau ɗaya ake yin ta, ba a ƙara ta ba a rage ta. A ranar ce kuma aka ɗaura masa ƙyalle. Asalin ma'anar tsarki a Littafi Mai Tsarki keɓewa ce: abin da aka ware aka ce wannan na Allah ne. Shi ya sa Manzo Bulus ya kira masu bi na Korinti tsarkaka tun a farkon wasiƙarsa, alhali wasiƙar cike take da tsawatawa. Sun rarrabu ƙungiya-ƙungiya, suna kai juna ƙara gaban alƙalai, akwai fasikanci a cikinsu, wasu har buguwa suke yi a wurin Jibin Ubangiji. Duk da haka bai janye sunan ba, don ƙyallen yana ɗaure. Amma fa tsiron da aka ɗaura wa ƙyalle bai zama itace ba tukuna. Ba ya ba da inuwa, ba ya ba da 'ya'ya, akuya ɗaya tana iya cinye shi. Tsakanin ranar ɗaura ƙyalle da ranar da za a shimfiɗa tabarma a inuwarsa akwai shekaru na yanka da tsaro da jira. Waɗannan shekaru su ne rayuwarku ta yanzu.

A bakinmu na yau da kullum, in an ce tsarki, buta da ruwa ne ke zuwa a rai. Tsabta abu ne mai kyau, kuma muna iya koyon kula da ita daga maƙwabtanmu da ke alwala sau biyar a yini. Amma a Markus sura 7 Yesu ya kai maganar can ciki, ya nuna cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake ɓuɓɓugowa: mugun tunani, kwaɗayi, ha'inci, hassada, girman kai. Hannunka ba ya kaiwa can, balle soso da sabulu. Wanda ya halicci zuciya shi kaɗai ke iya wanke ta. Game da zanen dutse kuwa da yaron nan ya ambata, gaskiya Hausawa suka faɗa, mutum ba ya kankare halinsa da farcensa. Sai dai alkawarin da Allah ya yi ta bakin annabi Ezekiyel a sura 36 ba na kankare zane ba ne, na ɗauke dutsen ne gaba ɗaya a sa zuciya mai taushi a gurbinsa, a kuma sa Ruhunsa a ciki.

Akwai ramuka biyu a bakin wannan hanya, kuma na ga mutanen kirki sun faɗa cikin kowanne.

Na farko shi ne mutum ya ɗauka shi zai tsarkake kansa da ƙarfin tuwo. Wannan tsohuwar cuta ce. Wajen shekara ta 400 wani malami mai suna Pelagiyus, wanda ya fito daga Birtaniya, ya ga lalacin Kiristocin birnin Roma ya ji haushi, ya fara koyar da cewa tunda Allah ya umarta, to mutum yana da ikon cikawa in ya ɗaura niyya. Wanda ya tashi ya amsa masa ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ƙasar da wasunku ke zuwa ci-rani. Agustin ya san abin da yake faɗa, don ya yi shekaru yana son barin sha'awar jiki yana kasawa, da iliminsa da komai. Ya nace cewa ko son yin nagarta ma kyauta ce daga Allah. A 418 taron ikilisiya a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya yi watsi da koyarwar Pelagiyus. Amma koyarwar ba ta mutu ba, tana zaune a benci tare da mu kowace Lahadi. Za ka gane ta a wurin mutumin da tsarkinsa duka lissafin hani ne: ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya zuwa wurin kiɗa, matarsa ba ta fita ba ɗankwali. Madalla da wannan. Amma ka je gidansa ka ga yadda yake yi wa matar tsawa a gaban yara, ka ji yadda yake yanka naman 'yan'uwa da harshe bayan an tashi sujada. Wannan ya ɗebo ganye ne ya ɗaure a busasshen reshe, rana ɗaya ta isa ta tona shi. Ƙarshen wannan hanya ɗayan biyu ne: ko girman kai irin na Bafarisiyen da ya tsaya a Haikali yana lissafa wa Allah ayyukansa, ko kuma karaya, mutum ya gaji da riya ya watsar da komai. Yaron da ya zo wurina yana bakin karayar nan ne.

Rami na biyu ya fi daɗin faɗawa. Mutum ya ce tunda aikin Allah ne, bari in miƙe ƙafa. In ya ga dama ya canza ni. Wasu har sukan ce ai alheri ya rufe komai. Bulus ya ji irin wannan magana tun a zamaninsa, kuma a Romawa sura 6 ya ƙi ta da kakkausar murya: wanda aka binne tare da Almasihu cikin baftisma ba shi da hujjar komawa ya tare a kabarin da aka fitar da shi. A wasiƙarsa ga Filibiyawa kuwa ya haɗa abu biyun a numfashi ɗaya, ya ce su dage da aiki, dalili kuwa shi ne Allah ne ke aiki a cikinsu. Aikin Allah ba ya kashe naka, shi ne ma ke haifar da shi. Ko Bahaushe ya san Allah ya ce tashi in taimake ka.

To mene ne naku a ciki? Kun san manyan abokan gaban tsiro a gonakinmu: awaki da rani, da mai gatari da dare. Ku san awakinku. Ba sai na ɓoye muku ba, ni ma ina da ido. Akwai tramol da ake sayarwa kamar alewa, yaro ya sha don ya yi noman kwana biyu a yini ɗaya, bayan shekara biyu ya zama abin tausayi. Akwai wayar da ke hannunku, wadda bayan kowa ya yi barci take kai ku inda ba za ku yarda mahaifiyarku ta leƙa ba. Akwai cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin auren samari da yawa. Akwai ɗakin ci-rani a Kano ko Legas ko Agadas, inda ba wanda ya san ku, ba wanda zai tambaye ku ina kuka kwana. Akwai tiyar da aka bubbuga gindinta ta shige ciki, da buhun riɗin da aka zuba wa yashi kafin a kai Maigatari ranar Alhamis. Akwai layar da aka ɗinke a ƙugu saboda tsoro, alhali baki yana cewa Yesu ya isa. Ba ku ne ke ba kanku rai ba, amma ku ne za ku ja ƙaya ku kewaye tsiron. Wanda ya san wayarsa ce ke kayar da shi, ya bar ta a ɗakin ƙanensa da dare. Wanda ya san majalisar da yake zama ce, ya tuna zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya muhawara ba, rigarsa ya bari ya ruga.

Sannan ku zauna manne da gindinku. Hanyoyin ba sababbi ba ne, kuma ba su da ƙyalƙyali. Littafi Mai Tsarki yana hannunku da harshen da kuka sha a nono, tun 1932 da aka buga shi cikakke da Hausa bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa Hausawa suka sha. Kakanninku na bangaskiya, tun daga lokacin da 'yan mishan suka sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri, daga baya har nan Dungas, da yawansu da girmansu suka koyi karatu, ba don komai ba sai don su karanta shi da idonsu. Abin baƙin ciki ne a ce jikokinsu da suka yi lakwal suna wuce mako ba su buɗe shi ba. A addu'arsa ta daren da aka bashe shi, wadda ke Yohanna sura 17, Yesu ya roƙi Uba ya tsarkake almajiransa, kuma Maganar Allah ce ya ambata a matsayin abin aikin. Ku karanta ko da aya goma ce da asuba kafin a fita gona. Ku yi addu'a da Hausarku ta gida, ku kira zunubin da sunansa, kada ku lulluɓe shi da manyan kalmomi. Kada ku yi wasa da taruwa. Na san ku kaɗan ne, wani ƙauyen gida ɗaya ne tak na masu bi, wani sai ya yi tafiyar awa biyu a ƙasa ko ya biya kabu-kabu kafin ya sami sujada. Ku je duk da haka. Garwashi ɗaya in aka ware shi daga murhu ba ya kai tsakar dare.

Akwai wani abu kuma da muka yi sakaci da shi, shi ne mayar da haƙƙi. A shekarun 1930 wata farkawa ta tashi a Gahini cikin Ruwanda, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya da Tanganyika. Abin da ya sa mutanen gari suka yarda cewa abin na gaske ne ba waƙoƙin ba ne. Sun ga mutane suna tashi a gaban jama'a suna furta laifinsu, suna mayar da kuɗi da kayan aikin da suka sata shekaru da suka wuce, suna zuwa neman gafarar waɗanda suka zalunta. Haka Zakka mai karɓar haraji ya yi a Yariko ranar da Yesu ya sauka gidansa: ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Tuban da bai taɓa aljihu ba, bai kuma kai ka ƙofar wanda ka ɓata wa ba, da sauransa. Abin da na faɗa wa yaron nan ke nan a kan kuɗin riɗi: Allah ya riga ya yafe, amma inna tana bin ka bashi.

Yanzu bari in zo ga wurin da ya fi zafi, wato wuƙa. Da muke yankan nan a gona, yaron ya ɗaga ɗaya daga cikin tsirran da muka zubar, ya ce, "Baba, wannan ai lafiyarsa ƙalau." Gaskiya ne, kuma nan ne maganar take. Mai gona ba ruɓaɓɓu kaɗai yake yankewa ba, yana yanke masu kyau ma don huɗun da ya zaɓa su sami ƙarfi. Wata rana Allah zai ɗauke muku abin da ba zunubi ba ne. Yarinyar da ka so za a ba wani saboda bangaskiyarka. Aikin da ka cancanta zai wuce ka don ka ƙi ba da cin hanci. Wasunku gadon gona ma an hana su. Ba zan ce muku abin ba ya ciwo ba, kuma ba zan ce duk wanda ya cuce ku aikin Allah yake yi ba. Zalunci zalunci ne, mai yin sa zai amsa. Amma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 12 tana koya mana cewa Uba yana amfani har da wahala don ya sa mu sami rabo cikin tsarkinsa, kuma ɗan da ake horo shi ne ɗan da aka ɗauka na gida.

Manyanku suna tune da Juma'ar 16 ga Janairu 2015, ranar da tarzoma ta tashi a Damagaram saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, aka ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kiristoci, washegari abin ya kai Yamai. An rasa rayuka, majami'u da dama sun zama toka. Mu da ba mu zana komai ba, ba mu kuma yarda da cin mutuncin addinin kowa ba, mu muka biya. A cikin wannan duhu akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, kada ku taɓa mantawa da wannan. Abin da nake so ku duba shi ne abin da ya biyo baya. Masu bi suka taru cikin bangon da ya yi baƙi da hayaƙi suka yi sujada, shugabannin ikilisiyoyi suka fito fili suka yi shelar gafara, ba a ɗauki fansa ba. Kuna tsammani a ranar aka ƙirƙiro wannan haƙuri? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekaru ne na ƙananan yanka, na haɗiye fushi a kasuwa, na gaida wanda ya ƙi amsawa, su suka fito fili a ranar wuta. Wanda bai koyi yafe wa ƙanensa a kan caja ba, ba zai iya yafe wa wanda ya ƙona masa ɗaki ba.

Za ku tambaya, yaushe aikin zai ƙare? Masu bi sun yi saɓani a nan. John Wesley na Ingila, wanda ya rasu a 1791, ya koyar da cewa mai bi yana iya kaiwa ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya, ikilisiyoyi da yawa kuma suna bin sa har yau. Wasu suka ce yaƙi da zunubi ba ya ƙarewa sai an rufe ido. Ni ina tare da na biyun, don Bulus da kansa, yana tsare a kurkuku bayan shekaru masu yawa na hidima, ya shaida wa Filibiyawa cewa bai kai ba tukuna, yana dai ci gaba da gudu. Amma ina girmama ƙishin Wesley, kuma ina jin tsoron Kiristan da ya daina jin wannan ƙishi. Abin da dukansu suka yarda a kai shi ne wanda ya fara aikin ba ya barin gona rabi.

Shi ya sa na ce wa yaron nan hawayensa ba alamar mutuwa ba ce. Na kama wani busasshen reshe na karya, ya ce ƙaras, babu ko ɗigo. Na nuna masa bakin yankan da muka yi, yana nan jiƙe da ruwa. Shekara huɗu da suka wuce yana yi wa mahaifiyarsa ƙarya ya kwanta ya yi minshari. Yau ƙarya ɗaya ta hana shi barci. Wa ya kawo wannan canji? Mai kallon tsiro kullum ba ya ganin girmansa. Sai wanda ya yi ci-rani ya dawo ne ke cewa kai, itacen nan ya tashi.

Ku ɗaga ido ku dubi gawo. Tsofaffi suna ba da labarin yadda sarakunan Damagaram na dā suka sa doka mai tsanani a kan sare shi, kuma sun san abin da suke karewa. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da nasa, ya bar wa hatsi rana, ganyen da ya zubar ya zama taki. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. In rani ya yi tsanani, komai ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yan da za su ci, don saiwarsa ta kai inda ruwa yake. Irin tsarkin da nake roƙa muku ke nan. Ba wanda ke sa mutum ya tattare riga yana ƙyamar maƙwabta ba. Wanda ke sa gonar maƙwabci ta yi albarka. Abin da Bulus ya lissafa wa Galatiyawa a matsayin amfanin Ruhu, irin su ƙauna da haƙuri da kirki da aminci da kamun kai, kusan duka wani ne ke cin moriyarsu. Mutanen ƙasar nan da yawa ba su taɓa buɗe Linjila ba, amma sun san asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, sun san Danja inda aka riƙa wanke gyambon kutaren da danginsu suka guje su. A Dogo-Dogo kuwa ba Galmi ba Danja, ku ne za a karanta: tiyarku, alkawarinku, yadda kuke riƙon iyayenku ko da ba addininku ɗaya ba, yadda 'yan matanku da samarinku ke tsare mutuncinsu har aure.

Yaron nan ya je ya faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya. Ya ce mini ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ta sani tun ranar, jira take ta ga ko zai zo. Ya biya ta a hankali, jaka ɗaya jaka ɗaya, har ya gama bayan kaka. Fushin bai bar shi duka ba, mun sake zama a kansa sau biyu. Kalgon da muka gyara ya wuce kafaɗata, bana zan sake rage masa rassa.

'Ya'yana, bazara ta ƙarato, za ku fita sassabe. Duk wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ko ƙaryar da bai warware ba, ko gabar da ya riƙe, ina roƙonsa saboda Almasihu ya je ya gyara kafin ruwan farko ya sauka. Wanda kuma ya faɗi har yana jin kunyar shigowa sujada, ya zo ranar Lahadin nan, wurin zamansa yana nan ba wanda ya ɗauka.